Tsohon injin yanke ciyawa na hannu: a yi masa sabon fenti ko a bar shi da tsufansa?

Abban Hanifa, Lesta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ranar Lahadi na sayi tsohon injin yanke ciyawa a kasuwar gwanjo a nan Ingila, fam 15. Ba ya shan fetur, ba ya cin wuta, da hannu ake tura shi. An rubuta Ransomes Ajax a jikinsa, faɗin yankansa inci 12. Babbar rolar ƙarfe ta baya lafiyarta ƙalau. Ƙananan rololin katako na gaba kuwa biyu sun tsage. Wuƙaƙen sun yi tsatsa amma suna juyawa, sai dai tauna ciyawar suke yi maimakon su yanke ta. Koren fentinsa ya koɗe, amma akwatin tara ciyawar yana nan, har tambarin kamfanin ana iya karantawa. Yaya ake wasa irin waɗannan wuƙaƙe? Sannan in kankare shi in yi masa sabon fenti, ko in bar shi haka?

Oga Habu, Panteka:
Wa alaikumus salam. Alhaji ai wannan ba wani aiki ba ne. Ka kwance gangar wuƙaƙen ka bi kowace da giranda, ka goge bodin da samfefa, ka fesa masa kore. Kafin la'asar ya koma sabo fil.

Baba Ɗanjuma, Jos:
Kai Habu! Abban Hanifa, don girman Allah kada giranda ta kusanci injin nan. Da irinsa na ci abinci tun ina saurayi a filin wasan wani kulob a nan Jos, har gemuna ya yi fari.

Wannan injin ba sara yake yi ba. Na zamani mai fetur shi ne mai sara: wuƙa ɗaya ce kwance tana wulwulawa da gudu tana dukan ciyawa. Naka kuwa aikin almakashi yake yi. Akwai wuƙaƙen nan masu karkata da ke jikin ganga, akwai kuma wata doguwar wuƙa a ƙasa wadda ba ta motsi. Ciyawa na shiga tsakaninsu sai a datse ta. To dole kowace wuƙa ta jikin gangar ta gogi ta ƙasan daidai wa daida, daga wannan gefe har wancan. In ka sa giranda, hannunka zai ci wani wuri fiye da wani, ko da kaurin takarda ne. Daga nan wata wuƙar ta riƙa bugun ta ƙasa, wata ta wuce ba ta taɓa komai ba. Injin ya mutu ke nan, sai dai a kai wa masu injin wasa ganga na musamman, kuma kuɗinsu ya ninka abin da ka saya.

Oga Habu, Panteka:
Baba, a yi haƙuri. Mu abin da aka kawo mana da dakushi giranda muke ba shi. To yaya kuke yi?

Baba Ɗanjuma, Jos:
Kai ma ka san abin, Habu. Man gurza bawul ɗin da kuke amfani da shi in kun buɗe kan injin mota, shi ne maganin.

Ka fara wanke tsatsar da kananzir da burushin waya. Ka duba gefe da gefe, za ka ga kusoshin saiti da ke matso da ganga kusa da wuƙar ƙasa. Ka ɗaure su kaɗan-kaɗan har ka ji wuƙaƙen sun fara gogar juna. Sai ka lakato man gurzan da tsohon burushin haƙori ka shafa a bakin kowace wuƙa. Ka buɗe murfin gefe, ka sa sifana ko hannun juyi a kan notin gangar, ka riƙa juya ta da baya. Da baya fa, ba yadda take juyawa in tana yanka ba. Da farko za ka ji ƙarar yashi, gurr gurr. Ka ci gaba. In ƙarar ta yi laushi ka ƙara matse saitin ɗan ƙanƙani, ka ƙara mai. Can za ka ga wani siririn layi mai sheƙi ya fito a bakin kowace wuƙa, bai yanke a ko'ina ba. Ka tsaya nan. Ka wanke man tas, don in ka bar shi zai ci gaba da cin ƙarfen yana dakushe maka aikin.

Gwajin kuma da takardar jarida ake yi. Ka yago ta siririya, ka sa tsakanin wuƙaƙen, ka juya gangar a hankali da hannu. A dama, a tsakiya, a hagu. In ta datse cas a duk wuraren uku, an gama. In ta lanƙwashe a gefe ɗaya, wannan gefen ne ke son ɗauri. Ka kula da yatsunka, ba ta san na gida ba.

Abban Hanifa, Lesta:
Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara lafiya. Saura maganar fenti.

Khalifa, Abuja:
Yaya, ka yi masa fenti kawai. Na ga hotunan waɗanda aka gyara, bodi kore shar, wuƙaƙe ja wur, kamar yau aka fito da su daga shago. Mutum ya ajiye abu mai tsatsa a tsakar gida, baƙi su zo su ce bola ya kwaso?

Maman Ilham, Milton Keynes:
Khalifa, ka taɓo inda masu tara injinan nan su kansu suka rabu biyu. Akwai ƙungiyarsu a nan, Old Lawnmower Club, tun 1990 take, kuma a gidan tarihin garin nan namu suke babban taronsu na shekara a watan Mayu. Yara na ja ni mu je kallo. Za ka ga layin waɗanda aka yi wa sabon fenti suna walƙiya, ka ga kuma layin waɗanda ba a yi musu komai ba sai wanki da shafa mai da tsumma. Ni dai a wajen na biyun na fi ganin dattawa sun durƙusa suna leƙe-leƙe.

Dalilinsu shi ne fentin asali sau ɗaya ake samunsa. Wannan koren da ya koɗe, da tambarin da ke jikin akwati, da wurin da tafin hannun mai shi ya cinye a mariƙi, su ke gaya wa masani zamanin injin da irin rayuwar da ya yi. In aka kankare, ko an dace da launin, an sami injin da ya yi kama da dubunsa. Abban Hanifa, tunda ka ce tambarin akwatin yana karantuwa, ni a ganina kada ka taɓa shi. Akwatin ma shi ne abin da ya fi wuyar samu, don shi ke fara ruɓewa saboda jiƙaƙƙiyar ciyawar da ake mantawa a ciki.

Khalifa, Abuja:
Anti, to in haka ne kada a gyara komai ma. A bar katakon da ya tsage, ai shi ma tarihi ne.

Maman Ilham, Milton Keynes:
A'a, da bambanci. Abin da ke hana injin aiki a gyara shi ko a canza. Tsagaggen katako zai riƙa kartar ƙasa. Koɗaɗɗen fenti kuwa bai hana shi yanka ba. Kuma ban ce fenti haramun ne ba. Wanda aka tsinto a juji, tsatsa ta cinye launin duka, ko wanda wani ya riga ya yaɓa wa fentin ƙofa, ai wannan sabon fenti ceto ne a gare shi.

Isuhu, Maraɗi:
Ni dai tun ɗazu ina karatu ina mamaki. Wai ku mi ya same ku? Haki ne fa. Mu nan in rani ya yi, haki kuɗi ne, a kan amalanke ake kai shi kasuwa, bisashe na kuka. Ku kuna shuka shi, ku ba shi ruwa, ku aske shi ku zubar, har kuna gardamar launin abin askin. Wannan aikin wanda ya ƙoshi ne.

Maman Ilham, Milton Keynes:
Malam Isuhu, ba ka yi ƙarya ba, asalinsa ma aikin ƙosassu ne. Kafin injin, mai shimfiɗaɗɗen koren fili a Ingila sai babban attajiri, don sai ya ɗauki ma'aikata masu dogon lauje suna bi da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ko ya saki tumaki su yi masa aikin. Wanda ya canza lamarin shi ne Edwin Budding, wani makaniki a Thrupp kusa da Stroud, yankin masaƙun ulu. A masaƙun akwai na'ura mai karkatattun wuƙaƙe da ke aske gashin yadi bayan an saƙa don ya yi sumul. Sai ya ce abin da ya aske yadi zai aske ciyawa. Ya yi wa ƙirarsa rajista a 1830, shi da John Ferrabee mai masana'antar ƙarfe ta Phoenix suka fara ƙerawa. Gidan namun dajin Landan na cikin waɗanda suka fara saye. A takardar rajistar har ya ce masu hali na karkara za su sami nishaɗi da motsa jiki in sun tura shi da kansu, alhali na farkon nauyinsu ya sa sau da yawa mutum biyu ne, ɗaya na turi ɗaya na ja ta gaba.

Amma ka duba abin da ya biyo baya. Filin ƙwallo, filin kurket, filin tanis, duk sai da injin nan ya samu suka zama abin da kowace unguwa da makaranta za ta iya mallaka. An fara gasar tanis ta Wimbledon a 1877, kuma har yau milimita 8 ake aske ciyawarta. Ratsin nan da kake gani a filin ƙwallo in kuna kallo a gidan kallo, duhu da haske, rolar baya ce ke kwantar da ciyawa, layi ɗaya gaba layi ɗaya baya. Injin Abban Hanifa ma zai yi masa irinsa.

Isuhu, Maraɗi:
To na ji ta ƙwallo. Amma har yanzu ban ga abin da ya haɗa mu da shi ba.

Malam Lawal, Zariya:
Ya haɗa mu, Malam Isuhu, ta wajen da ba ka zata ba. Sunan da ke jikin injin Abban Hanifa, Ransomes, kamfani ne na garin Ipswich. Sun karɓi izinin ƙera injin Budding a 1832, amma asalin sana'arsu garma ce. Garmar shanun nan ta huɗa da ake kira Emcot, wadda ta bazu a Arewa tun zamanin noman auduga da gyaɗa, ƙirarsu ce. Wanda ya taso a ƙauyen Funtuwa ko Gusau ya riƙe ƙarfen Ransomes ko bai sani ba.

Na biyu, shi Budding daga baya ya koma Dursley ya yi aiki da George Lister, a can ya rasu a 1846. Ɗan wannan George ɗin, Robert, shi ya kafa kamfanin Lister a 1867. Lista dai da kuka sani, ta injin niƙa da ta ba da wuta.

Oga Habu, Panteka:
Allahu Akbar. Ashe 'yan gida ɗaya ne. To wannan ya tuna min, Alhaji, kada ka sa sifanar milimita a notin injin nan. Tsofaffin kayan Ingila awon Whitworth ne, irin na tsohuwar Lista. Lamba 13 za ta yi kamar ta shiga, kana matsawa ta murje kan notin. Ka nemi sifanun Whitworth a gwanjon da ka sayo shi. Kuma duk bolt ɗin da ka kwance ka adana shi a gwangwani, don zaren jikinsa ba irin na yanzu ba ne, sabo ba zai hau ba. Wanda ya ƙi kwantuwa kada ka yi masa ƙarfi. Ka jiƙa shi da mai ka ba shi kwana biyu, in ya ƙi ka ɗan gasa shi da wuta.

Malam Lawal, Zariya:
Sifana mai saiti ma da kuke cewa ajasta, shi Budding ɗin ya ƙera irin tasa a 1842.

Baba Ɗanjuma, Jos:
Yawwa Habu, yanzu ka yi magana. Ajastar dai a bar ta a aljihu, ita ma tana cin noti.

Isuhu, ni ba zan yi maka gardamar rani ba. A Jos muna da ruwa da sanyi shi ya sa abin ya zauna. Amma zan gaya maka abin da na gani da idona. Injinan fetur nawa aka sayo mana, kowanne ya yi damina biyu uku ya kwanta, yau kafireto gobe fulogi jibi babu kayan gyara. Na hannun da na tarar a wurin, na bar shi yana aiki. Iyakarsa giris, da mai, da wanda zai share shi in an tashi. Sharaɗinsa guda: ba ya son doguwar ciyawa. In ka bar fili ya kai gwiwa, sai ka fara bi da langa-langa. Shi na mai zuwa kullum ne, a rage kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawar, a dawo bayan 'yan kwanaki. Kuma kafin ka fara ka tsince tsakuwa. Dutse ɗaya ya shiga tsakanin wuƙaƙen, ya lanƙwasa ɗaya, ranar ba ka da sauran sukuni. A kan kiri-kiri kuwa babu kamarsa, tana son a aske ta ƙasa-ƙasa.

Dokta Safiya, Manchesta:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba ruwana da kyau ko rashin kyau. Tsohon fentin irin waɗannan kayan sau da yawa akwai dalma a ciki. Abban Hanifa, sunanka ya nuna akwai yara a gida. Kada ka bi shi da samfefa a bushe, kada ka ƙona shi da wuta, ƙurar ce ke shiga jiki, kuma yara ta fi yi wa illa. Duk mun san abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010. Wancan daga dutsen zinariya ne, yawansa ma ba ɗaya ba, amma gubar ita ce dai. Ana sayar da ɗan abin gwaji a shagunan kayan gini. In dole sai ka goge, ka jiƙa shi, ka yi a waje, ka sa takunkumi.

Khalifa, Abuja:
To Dokta ai kin ba ni gaskiya. A cire mai gubar a sa sabo.

Dokta Safiya, Manchesta:
Ban ba ka ba. Wanda ke zaune a jikin ƙarfe an shafe shi da mai ko kakin zuma bai kai wanda aka mayar ƙura haɗari ba. Sai in yana ɓarewa yana zuba.

Oga Habu, Panteka:
Tunda an hana ni giranda an hana ni samfefa, ga wata dabarar cire tsatsa ga ƙananan ƙarafan da ba su da sauran fenti. Bokitin roba, ruwa, sodar wanki. Ka sa wani gutsuren ƙarfen banza a gefe ka haɗa masa jar wayar cajar batir, baƙar wayar kuma a jikin abin da kake son wankewa. Kada su taɓa juna. Ka kunna a waje inda iska ke kaɗawa, ka bar shi ya kwana. Tsatsar za ta saki, ƙarfen kirki ba ya raguwa. Amma kada ka sa alminiyam a ciki, kuma wasu injinan bayan yaƙin duniya gefensu alminiyam ne. Ka gwada da maganaɗisu tukuna.

Kuma in ƙarfen zubi ne, kada ya faɗi. Ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Waldarsa sai wanda ya iya: a gasa shi tukuna, a yi da sandar nikel, a binne shi cikin toka ko yashi ya huce a hankali. Wani yaro a layinmu ya yi wa wani mutum waldar ƙafar tsohon keken ɗinki da sanda ta gama-gari, ya watsa mata ruwa, nan take ta sake tsagewa kusa da ɗinkin.

Malam Lawal, Zariya:
Oga Habu, irin waɗannan injinan suna faɗowa Panteka kuwa?

Oga Habu, Panteka:
Jefi-jefi. In an rushe tsohon gida a GRA ko an share siton wata makaranta, 'yan jari-bola kan kawo. A kilo ake sayensu, a farfasa a loda a mota zuwa kamfanin narka ƙarfe. Akwai ɗaya ma yanzu wajen maƙwabcina, amma ba irin na Alhaji ba ne. Ba shi da rolar baya, tayoyin ƙarfe biyu ne a gefe da dogon mariƙin katako.

Maman Ilham, Milton Keynes:
Wannan shi ne mai tayar gefe. Follows and Bate na Manchesta suka fito da irinsa a 1869, suka sa masa suna Climax, kuma shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye, don ba shi da nauyi ba shi da tsada. Amurkawa suka rungumi ƙirar, nasu irin su Pennsylvania har Ingila aka riƙa kawowa. Don Allah ka kankare laka a jikin tayar ka karanta mana, yawanci a nan ake zuba sunan. In kuma ka taɓa cin karo da mai sarƙa da aka rubuta Silens Messor, na Thomas Green na Leeds ne, tun 1859 suka fara shi, sarƙar ce ta rage masa ƙara. Wannan kam kada ka bari ya hau sikeli.

Baba Ɗanjuma, Jos:
Mai tayar gefe ya fi dacewa da filayenmu ma, yana jure gargada da ciyawa mai ɗan tsayi. Wasa shi kuma ya fi sauƙi. Ka cire tayoyin biyu, za ka ga ƙaramin haƙori a kowane gefe da wani ɗan ƙarfe da ke kama shi. Ka musanya su, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Kana tura injin ganga za ta juya da baya da kanta. Ka shafa man gurza ka yi ta zagaya tsakar gida. In ka gama ka mayar da su yadda suke.

Isuhu, Maraɗi:
Oga Habu, in mai kilon bai tsawwala ba ka tambayo mini kuɗinsa. Ba don ni ba, makarantar su yarana na da ɗan fili da damina.

Khalifa, Abuja:
Malam Isuhu an shigo layi ke nan. To kai dai in ka saya ka yi masa fenti.

Abban Hanifa, Lesta:
Na gode ƙwarai jama'a. Zan wanke shi, in wasa yadda Baba ya ce, in shafe bodin da kakin zuma, akwatin kuma ba zan taɓa ba. Khalifa ka yi haƙuri. Rololin katakon ne ban san yadda zan yi da su ba.

Baba Ɗanjuma, Jos:
Waɗanda ba su tsage ba ka shafa musu mai su sha. Sauran kuwa kowane kafinta mai injin gurza ƙafar kujera zai fitar maka da su. Mu da maɗaci muke yi, in an sami ƙirya ta fi, gara ba ta cin ta.

Maman Ilham, Milton Keynes:
A nan man linsid ake shafa wa katakon. Tsumman da ka yi aikin da shi kada ka dunƙule shi a kwandon shara, yana iya kamawa da wuta da kansa. Ka shanya shi a waje ya bushe. Kuma akwai masu sayar da rololin a shirye, ka tambaya a ƙungiyar da na ambata.

Oga Habu, Panteka:
A shirye kuma nawa? Alhaji ka auno min tsawon kowace, da kaurinta, da faɗin ramin da sandar ke bi. Ka auna mai lafiyar, ba tsagaggiyar ba. Akwai mai zuwa Landan a ƙarshen wata, sai in ba shi ya taho maka da na ƙirya. Malam Isuhu, kai kuma gobe in na fita zan leƙa wajen mutumin in ga ko bai farfasa shi ba.